Addini, Mace da Tarihi a Littattafan Soyayya: Tsokaci Daga Ƙasar Zamfara

A Amurka da Kanada akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da marubuta Kirista suka shahara da shi, wato labarin soyayya da ake ɗorawa kan zamanin da Turawa ke ƙaura zuwa yammacin nahiyar a ƙarni na 19. Fitacce daga cikinsu shi ne Love Comes Softly na Janette Oke, wanda ya fito a 1979. Tauraruwarsa Marty ta rasa mijinta suna isa sabon mazauni, sai ta auri wani manomi mai 'ya ɗaya domin rufin asiri, daga bisani so da imani suka samu wurin zama. Marubutan sukan haɗa addini da mace mai juriya da tarihin ƙasa a tukunya ɗaya. Aibinsu kuwa, sukan kau da kai daga 'yan asalin ƙasar da aka raba da filayensu.

Idan muka dawo gida, za mu tarar biyun farko ba baƙi ba ne a adabinmu. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, wadda ta daɗe da zama a Gusau. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, inda Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci bayan miji ya kore ta. A ganina Rabi ba ta gaza Marty da komai ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne na ukun. Galibin littattafan soyayyarmu sun tsaya kan birni da mota da gidan Alhaji, alhali ƙasar nan cike take da abin rubutawa. Akwai labarin Sarauniya 'Yargoje da tarihin baka ya adana. Akwai garin Faru ta ƙasar Maradun, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna lokacin wa'azinsa a Zamfara, a zamanin da har aka soke shi saboda barin mata su halarci majalisinsa. Wace ce matar da ta baro turmi ta je sauraro, kuma me ta tarar da ta koma gida?

Kusa da mu kuma ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina kan Gulbin Sakkwato. Aikin ya raba mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara da gonaki, kuma a Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoma masu neman diyya. Matan da suka riƙe gidaje bayan wannan rana sun cancanci littafi, kuma duk wanda zai rubuta shi kada ya maimaita kuskuren marubutan Amurka, ya yabi aikin ruwa ya manta da masu gona.

Saboda haka ina kira ga malaman Hausa da na tarihi su tura ɗalibai, musamman mata, su ɗauko bayani daga bakin tsofaffin da suka ga abin da idonsu. Shekara fiye da 40 ta wuce, kullum raguwa suke yi. Allah Ya sa mu dace.