Ɓarayin Keke: Tsohon Fim Ɗin Da Ya Tona Mini Asiri

FIM: Ladri di Biciclette, wato Ɓarayin Keke
ƘASA: Italiya, 1948
DARAKTA: Vittorio De Sica
TSARA LABARI: Cesare Zavattini da abokan aikinsa, daga littafin Luigi Bartolini
'YAN WASA: Lamberto Maggiorani, Enzo Staiola, Lianella Carell

Mai karatu, ka yi mini afuwa, wannan watan na tsallake finafinanmu na gida na ɗauko maka wani tsohon fim mara kala wanda ya girmi mahaifina. Babu waƙa a cikinsa, babu rawa, babu kishiya, babu Alhaji mai katafaren falo. Keke ɗaya ne tak, da mutum ɗaya da ɗansa. Kafin in shiga sharhin, bari ka ji abin da ya ja ni gare shi.

Wata Juma'a a nan Wudil, ranar kasuwa, an sauko daga masallaci ina tsaye wajen mai rake, sai na ji ihu: "Ɓarawo! Ɓarawo!" Kafin ka ce kwabo an kayar da wani saurayi wanda bai fi shekara 18 ba, ga keke yashe a gefensa, taya na ta juyawa. Mai gora ya kawo gora, mai dutse ya kawo dutse. Ni ma na kutsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, na kai masa shuri ɗaya a haƙarƙari. Wani dattijo daga cikin dillalan kara ne ya shiga tsakani ya rufe yaron da babbar rigarsa yana cewa, "Ya'yana, ina mai keken? Wa ya ga lokacin da ya ɗauka?" Duk aka yi tsit. A cikinmu babu wanda ya gani. Ihu muka ji, muka bi.

Ina da hujjata, ko kuwa in ce haka na ɗauka. Ina firamare aka sace wa mahaifina kekensa Rali a ƙofar masallaci. Da shi yake kai kayan lambu kasuwa, kuma sai da muka yi watanni muna ɗaukar kwando a ka. Shurin nan da na kai, bashin wancan ɓarawon na biya a jikin wani. Ban gane haka ba sai da na kalli fim ɗin nan.

Labarin a birnin Rum yake, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aiki ya yi wuya kamar ruwa a hamada. Antonio Ricci ya samu aikin liƙa fastoci a bango, amma da sharaɗin sai yana da keke. Nasa yana gidan jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu ta kai jingina aka fanso keken. A nan darakta ya yi wani abu da ya burge ni: kyamara ta bi ma'aikacin da ya karɓi zannuwan yana hawa kanta, sai ga ɗaurin zannuwan mutane jibge har kusa da rufi. Ba wanda ya yi magana, amma ka fahimci cewa duk garin ne a jingine.

Ranar farko ta aiki, Antonio yana kan tsani yana liƙa hoton jaruma Rita Hayworth, wani saurayi ya haye keken ya arce. Ya kai ƙara, ɗan sanda ya rubuta, ya nuna masa cewa ya je ya nema da kansa. Washegari Lahadi shi da ɗansa Bruno suka shiga gari: kasuwar kayan keke, coci, gidan wata mata mai duba, ga ruwan sama. Daga ƙarshe ya ga ɓarawon, ya bi shi har unguwarsu. 'Yan unguwa suka taso suka kare ɗansu, yaron ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, ɗan sanda ya duba ɗakinsu bai ga keke ba, ya ce babu shaida, babu abin yi.

To, ga inda gizo ke saƙar. A kusa da filin ƙwallo, Antonio ya hangi wani keke jingine a ƙofar gida ba kowa. Ya yi ta kai-kawo, ya sallami Bruno ya ce ya je ya hau jirgin cikin gari, sannan ya haye keken. Aka bi shi da ihu, aka kama shi, aka shiga marinsa ana zagi. Bruno bai samu jirgin ba, don haka komai a kan idonsa aka yi. Mai keken ya dubi yaron yana kuka, sai ya ce a sake shi. Uba da ɗa suka shige cikin taro, uban na hawaye, ɗan ya kama hannunsa. Fim ya ƙare, keke bai dawo ba.

Ka lura da sunan fim ɗin. Da Italiyanci jam'i ne, ɓarayi. Da aka kai shi Amurka sai aka mayar da shi tilo, ɓarawo ɗaya, kuma a ganina an rage masa ma'ana. Ɓarayin biyu ne, na biyun kuwa shi ne wanda muka shafe fiye da awa guda muna tausaya wa. Mutanen da suka mare shi ba su san da zannuwan Maria ba, ba su san shi ma an yi masa sata jiya ba. Mu 'yan kallo mun sani. Shi ya sa kowane mari ya sauka sai ka ji shi a kumatunka. Darakta bai ce Antonio ya yi daidai ba. Sata ya yi, kuma kunyar da ke fuskarsa ta nuna ya sani. Abin da De Sica ya yi kawai shi ne ya ajiye kyamara a bayan wanda ake duka, ya bar mu mu ga taron yadda shi yake ganinsa.

Wani zai ce, Malam, wannan fim ne, a zahiri ɓarawo ba ya jin lallami. Ban raina wannan magana ba. Mutumin Utai ko Indabo ko Darki da ke shigowa kasuwar Wudil a kan keke, wannan keken shi ne jarinsa, shi ne motar kai matarsa asibiti. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane da yawa suka jingine babur suka koma keke, darajarsa ta ƙaru. Wanda aka yi wa sata ya kai ƙara, bayan kwana biyu ya ga wanda yake zargi yana yawo a gari, dole zuciyarsa ta tafasa. Fim ɗin ma bai ɓoye wannan ba, domin sau biyu hukuma ta juya wa Antonio baya kafin ya miƙa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma tafasar zuciya ba ta zama shaida. Taro ba ya tambaya, ba ya jiran amsa, kuma idan ya yi kuskure ba a gyarawa. A watan Oktoban 2012 a ƙauyen Aluu na Jihar Ribas aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bayan an yi musu ihun ɓarayi, alhali bashi suka je karɓa. A 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa a kan lamarin, kuma a 2023 aka fitar da fim a kansa mai suna Dark October. Idan ka ce wannan nesa ne, to ka tuna Uromi ta Jihar Edo, watan Maris na 2025, inda 'yan sintiri suka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar dawowa gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Da yawansu mutanen Ƙaramar Hukumar Bunkure ne, nan maƙwabtanmu. Duk mun yi kuka mun ce zalunci ne, don ba a bincika ba. To wace hujja ce ta halatta mana a bakin kasuwar Wudil abin da muka la'anta a Uromi? Ihu ɗaya ne, sai dai a can 'yan'uwanmu ne a ƙasa.

Masu fakewa da addini su ma su dakata. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san haddin sata yana da sharuɗɗa: kayan su kai nisabi, a ɗauke su daga ma'ajiyarsu, a samu shaidu biyu adalai ko mutum ya amsa da bakinsa, kuma alƙali ne ke yanke hukunci. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa. Ko a Zamfara, inda aka yanke hannun wani mutum a 2001 saboda satar kekuna, kuma aka yi ta muhawara a kai, sai da aka gurfanar da shi gaban alƙali. Babu inda aka ce hukuncin satar keke shi ne a fasa kai da dutse ko a rataya taya. Ta ɓangaren dokar ƙasa ma, sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Idan ya mutu a hannun taro, kisan kai aka yi, kuma mai shuri ɗaya irina yana da kasonsa. Abin kunya ne a ce garin da ke ɗauke da Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta ƙasa, ga kuma Jami'ar Aliko Ɗangote, a nan ne za a riƙa yanke hukunci da gora.

Yanzu bari in juyo kan 'yan fim ɗinmu. Sau nawa ka ga fitowar da aka biyo ɓarawo a fim ɗin Hausa? Kusan kullum abin dariya ne: a saka kiɗa mai sauri, ɓarawo ya faɗa kwata, a yi masa rubdugu, 'yan kallo su tuntsire. Kyamara tana tare da masu duka. Yaron da ya taso yana dariyar wannan, ranar da ya ji ihu a kasuwa ƙafarsa ce za ta riga tunaninsa. Ba na cewa a daina barkwanci. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan nan kusa da mu, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya nuna cewa ana iya sa mutane dariya da halin talaka kuma su tausaya masa. Abin da nake nema shi ne darakta ɗaya da zai bi yaron nan gida kafin ranar kasuwa, mu ga uwarsa, mu ga tukunyarsu, sannan ya bi mai keken shi ma, ya bar mu da su biyun. Kada furodusa ya ce babu taurari ko tsadaddun gidaje. De Sica a kan titi ya ɗauki fim ɗinsa. Jaruminsa ma'aikacin masana'anta ne, yaron kuma a titi aka tsinto shi. Duk da haka fim ɗin ya samu kyautar girmamawa ta Oscar a 1950, kuma a 1952 masu sharhi a mujallar Sight and Sound ta Ingila suka zaɓe shi a matsayin fim mafi kyau da aka taɓa yi.

Fim ɗin yana da nasa rauni. Maria, wadda ta fi kowa dabara a farko, an watsar da ita a tsakiya kamar an manta da ita. Ɓarawo na farko ma ɗakinsu kawai aka leƙa mana, ba a ba shi bakin magana sosai ba. Wanda ya saba da finafinan Indiya kuma zai ga tafiyar tana da nawa, musamman fitowar coci. Amma ka daure, awa ɗaya da rabi ne kacal, kuma mintuna goma na ƙarshe za su biya ka.

Shawarata gare ka mai karatu, idan ka kama ɓarawo ka riƙe shi, ka kira shaidu, ka miƙa shi ga hukuma, ka kuma bi ƙararka har ƙarshe, a matsa wa hukuma ta yi aikinta. Wannan ya fi duka wahala, na sani. Ni dai tun ranar nan, duk lokacin da na bi ta bakin kasuwa sai na tuna tambayar dattijon nan, kuma har yau ban daina jin nauyin ƙafata ta dama ba. Allah Ya yafe mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.