Jela Biyu a Kan Kalma Guda

Wanda ya tashi a Talata Mafara ko Bakura da rediyo a kunne ya san Muryar Jamus, wadda ke magana da Hausa tun 1963. Ni abin da ke burge ni game da 'yan'uwanmu da ke aiki a gidan rediyon a Bonn shi ne yadda harshensu ya saba da siffar Jamusanci, musamman wajen fifita wani abu a kan wani.

Mu da kalmar "fi" muke gama komai: Gusau ta fi Bakura girma. Bajamushe kuwa jela yake liƙa wa siffar. Ƙarami "klein" ne, wanda ya fi ƙanƙanta "kleiner", na ƙarshe "am kleinsten". Wasu gajerun siffofin har wasalinsu ke juyawa: "alt", tsoho, ya koma "älter", "groß", babba, ya koma "größer". Sai ya ce "Gusau ist größer als Bakura". Akwai kuma 'yan taurin kai irin "gut", mai kyau, da ke rikiɗewa zuwa "besser", sai dai hadda.

Wannan duk somin-taɓi ne. Da zarar siffar ta shiga gaban suna, sai ta nemi jela ta biyu, gwargwadon jinsin sunan (uku gare su, mu biyu) da kuma matsayinsa a jimla, wanda shi ma kashi huɗu ne. Ɗauki madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978; ta Goronyo ta fi ta ɗaukar ruwa. Wadda ta fi girman ita ce "der größere Damm". In ba a fayyace wacce ba, "ein größerer Damm". A sa "mit", wato "da", a gaba, ta zama "mit einem größeren Damm". Motar da ta fi wata tsada kuwa "ein teurerer Wagen", ka ji "rer" kamar akuya ta shaƙe! Gwani yana yin wannan lissafi ne tsakiyar magana, ba ya ko tsayawa haɗiyar yawu.

Sai dai Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Wanda ke cewa sabon gida, sabuwar mota, sababbin kaya tun yana goye, ya riga ya san siffa na bin sunanta. Ɗalibi, kada ka haddace suna ba tare da "der", "die" ko "das" ɗinsa ba. In ka rasa su, jelar ma ta ɓace maka.