Tsohon Gado Mai Rumfa da Sikelin 'Yan Gwangwan a Birnin Zazzau

Wanda ya shigo ta Ƙofar Doka yana cigiyar shagon tsofaffin kayan ɗaki, irin na Landan ko Faris, zai taka har Babban Dodo bai gamu da ko ɗaya ba. Kayan kuwa suna nan, a ɗakunan tsofaffin mata, can bayan zaure da shigifa, inda baƙo namiji ba ya leƙawa.

Kayan ɗaki a ƙasar Hausa dukiyar mace ce. Iyayenta ke yi mata, ranar jere dangin miji su zo gani, abin da ido ke nema kuma shi ne sabon yayi. Uwar da ta kai 'yarta da gadon da aka kawo ta da shi, komai ƙwarin ƙarfensa, ta jawo wa yarinyar gori a wurin facaloli. Shi ya sa tsufa ba ya ƙara wa kaya kuɗi a nan. Biki na matsowa, sai a aika wa dillaliya: "Hajiya, ki gani mini nawa za su taya." Ta ɗauki kwalla da tasoshi, ta zaga Kwarbai da Limancin Kona gida-gida, in an sallama ta cire la'adarta. Sauran kayan sai an yi rasuwa suke fitowa, a yi musu kuɗi wajen rabon gado.

Abin da ke fitowar ma tarihi ne na birnin. Da can gadon ƙasa ne, wanda ake hura wa wuta lokacin hunturu, da na kara. Na ƙasan a jikin ɗaki yake, na karan gara ta cinye. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya wajajen 1911, kantunan Sabon Gari suka shigo da gadon ƙarfe da akwati da kwanuka masu fenti. Daga baya aka yi yayin gadon Vono, sannan fomeka a zamanin kuɗin mai. Kafuwar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962 ta kawo wani salo: tebura da kujerun katako masu nauyi na gidajen ma'aikata, waɗanda har yau ake tsinta a wurin 'yan gwanjo.

Babban abokin takarar mai neman tsohon kaya ba wani mai sha'awa ba ne, ɗan gwangwan ne. Shi ba ruwansa da shekara ko hannun maƙeri, sikeli ya sani. Gado mai rumfa da tasar tagulla kilo ne kawai, nan take ya biya, babu jeka-ka-dawo. Ba na ganin laifin tsohuwar da ta sayar. Kuɗin magani take nema. Abin takaicin shi ne a wasu gidajen kuɗin kan koma ne ga setin gado na garin katako da aka matse, wanda laimar damina kan kumbura.

Mai son saye sai ya bi ta hannun mata, ya kuma shirya jin "albarka" sau da dama. Ya juya kujera ya duba ƙasanta, don gara daga nan take farawa. Ya ƙwanƙwasa katako ya ji ko maɗaci ne ko garin katako aka lulluɓe. A gadon ƙarfe kuwa, sabon fenti a mahaɗa yawanci walda yake ɓoyewa.