Baba Na Ɗaka, Gemu Na Waje: Kacici-kacici da Idon Mai Ƙirƙira

A wani zaman marubuta da na halarta, wani malami ya yanke wa kacici-kacici hukunci ba tare da ya ja numfashi ba. Wai babu ƙirƙira a cikinsa, hadda ce zalla: yaro ya ji amsa a bakin yayarsa, gobe ya maimaita wa ƙaninsa. Mai neman fasaha, in ji shi, ya nufi rubutacciyar waƙa ko ƙagaggen labari. Jama'a suka gyaɗa kai. Ni dai ban gyaɗa ba.

Rainin ya daɗe. Tun daga juzu'i uku na tatsuniyoyin da Frank Edgar ya fitar tsakanin 1911 da 1913, har zuwa ayyukan Ibrahim Yaro Yahaya, tatsuniya ce amarya a fagen adabin baka. Kacici-kacici ɗan rakiya ne, abin share fage kafin a ce "ga ta nan, ga ta nanku". Maganar hadda kuwa ba ta da ƙafa. Waƙa ma haddace ta ake yi, ba wanda ya ce don haka mawaƙi bai ƙirƙira ba. Abin tambaya shi ne me mutumin farko ya gani har ya ƙulla maganar.

Mu ɗauki wanda kowa ya sani: baba na ɗaka, gemu na waje. Hayaƙi ke nan. Wanda ya ƙago wannan ba a gindin murhu yake ba. A tsakar gida yake tsaye, ko ma a bayan danga, da sanyin asuba na hunturu, yana kallon ɗakin da aka hura wa wuta. Wutar ba ya ganinta. Abin da idonsa ya kama shi ne wani abu fari-fari, mai tauri a gindi, mai tarwatsewa a baki, yana ratsowa ta jinka yana kaɗawa da iska. Da ya yi saurin cewa "hayaƙi", da magana ta ƙare nan take, domin suna yana rufe ido. Sai ya jinkirta sunan, ya bar siffar ta yi magana: furfura ce. Da ya sami gemun, sai gemun ya nemo mai shi. Wa ke zaune a ɗaki kusa da ɗumi yayin da kowa ya fita? Tsoho. Dubi yadda wuta ta dace da baba har ta inda ba a faɗa ba: ana jin ɗuminsa, ana tsoron zafinsa, yaro ba ya wasa da shi. Kalmomi shida, ba ko ɗaya da za ka cire.

Wannan dabarar, ta mayar da abu ɗan gida sannan a ɗora masa abin da ba zai yiwu ba, ita ce ta fi burge ni a duk salon. Rawanin baba ya faskari naɗawa: hanya. Mai tafiya a kan hanya ba zai taɓa ganinta kamar rawani ba, ƙura da ƙaya kawai yake gani. Sai wanda ya hau tudu, ko ya ɗare kan kuka, ya hango turba fara siririya tana lanƙwasa tsakanin gonaki kamar ƙyallen da aka warware. Wato kafin tunanin ya sauya, wurin tsayuwa ne ya sauya. Kalmar "faskari" kuma ita ce ƙugiyar. Rawani an yi shi don a naɗa, to wane irin rawani ne wannan da ya gagari hannu? Nan hankalin mai sauraro yake rabuwa biyu, rabi yana riƙe da ƙyalle, rabi yana neman abin da ba shi da ƙarshe. Haka "iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba". Kunnuwa biyu a kai ɗaya, kowa yana ɗauke da su tun ranar haihuwa, amma mutum ɗaya ne ya lura cewa maƙwabtan nan ba su taɓa ganin juna ba. Ina zargin ma akwai ɗan zambon zaman aure a ciki, amma bari na bar wannan.

Akwai masu fifita kacici-kacici na sauti, irin su "kurkucif kucif" na kwanciyar kare, wai su ne ainihin fasahar harshe. Suna da daɗin baki, ban musa ba. Amma yawancinsu ba a cinkarsu sai an taɓa ji, kuma su ne suka ba malamin can makami. Waɗanda nake karewa su ne na ido, waɗanda ko bayan ka ba da gari an faɗa maka amsa, ba ka koma yadda kake ba. Wanda ya ji "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ya daina ganin tsintsiya a matsayin abu guda, garke yake gani a turke. Kano ko Katsinar da ya bayar bai yi asararta ba.

Ba banza ba muke ce wa mai ƙirƙira yana da basira. Kalmar daga Larabci take, kuma tushenta gani ne. Muna yawan magana kamar fasaha aljani ce da ke saukar wa mutum da abin da babu shi a duniya. Kacici-kacici ya ƙaryata haka. Bai taɓa kawo baƙon abu ba. Ƙwai ne, murhu ne, harshen kare ne. Sabon abin shi ne kallon. Shi ya sa idan na karanta labarin da aka ce yarinya kyakkyawa ce "son kowa ƙin wanda ya rasa", aka jera mata hanci da idanu irin na littafin jiya, na kan san marubucin bai kalli kowa ba. Sunaye ya ɗebo daga rumbu.

Gaskiya ne wasu kacici-kacicin sun fara mutuwa. Yaron da ya tashi gidan da ake girki da gas, ka ce masa "uku-uku ta gama gari", bai san duwatsun murhu ba balle ya cinka. Maganin wannan ba kuka ba ne, ƙulla sabo ne. Na gwada da waya: ɗan baba ba ya cin tuwo sai wuta, in ya ƙoshi ya cika gida da surutu. Yaran gidanmu sun cinka kafin na rufe baki, kuma sun yi daidai da suka yi mini dariya. Aikin wayar na faɗa, ban kalli siffarta ba.

Kai ma ka gwada yau da dare. Zaɓi abu ɗaya a ɗakinka, ka hana bakinka kiran sunansa, ka ga tsawon lokacin da za ka ɗauka kafin yara su ba ka gari.