Takalman Gandhi a gwanjo

A Hausarmu, in aka ce abu ya shiga gwanjo, to darajarsa ta faɗi. Rigar gwanjo ita ce wadda wani ya sa har ya gaji, kai kuma ka saye ta da ƴan canjinka a kasuwar Maraɗi. Shi ya sa da na karanta labarin gwanjon kayan Mahatma Gandhi sai kalmar ta tsaya mini a wuya, don a can gwanjo ɗaga kuɗin kaya yake yi, kuma saboda wani ya sa su ne ma suke tsada.

A watan Maris na 2009 aka yi shi, a birnin Niyok na Amurka. Kayan ba su da yawa: tabarau, takalman fata, agogon aljihu, kwano da faranti. Aka sayar da su dala miliyan 1.8. Dalar Amurka fa, ƴan uwa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Mai kayan, James Otis, shi ma ɗan fafutukar zaman lafiya ne. Da Indiya ta yi ca a kansa sai ya ce zai fasa in gwamnati ta ƙara kuɗin kula da lafiyar talakawa. Ban raina wannan magana ba, amma wallahi ta yi mini kama da garkuwa: ga takalmin tsoho a hannuna, ku biya. Wanda ya saya kuwa, Vijay Mallya, a lokacin attajiri ne mai kamfanin giya, alhali Gandhi ya yi shekaru yana yaƙi da giya. Jama'a suka yi ta murna wai kaya za su koma gida.

Ga inda abin ya fi damuna. Malaminmu na ilimin harshe ya sha faɗa mana cewa kalma ba ta ɗauke da ma'anarta kamar goro cikin huhu, wurin amfani take samunta. Kayan Gandhi ma haka suke. A 1930, lokacin da ya taka daga Sabarmati zuwa Dandi, kwana 24 a ƙafa, don ya ɗebi gishiri ya karya dokar Turawan Ingila, takalmi da sanda da ɗan mayafin da aka saƙa da hannu magana suke yi. Suna cewa mai mulki: ba ni da abin da za ka ƙwace. Ka ɗauke takalmin nan daga ƙafa, ka liƙa masa lamba, dillali ya buga guduma, to maganar ta juye, yanzu cewa yake yi: dubi abin da na mallaka.

Na san za a ce mini ai sai da abin gani ake tunawa. Gaskiya ne, ni ma ban yarda a zubar ba. Kakata a Tasawa tana da katin jam'iyyar Sawaba na kakanmu, tun kafin a haramta ta a 1959, naɗe cikin tsumma a ƙasan kwalla. Ba ta iya karanta shi ba. Amma duk ranar da ta fiddo shi sai mun kwana muna jin wa aka kama, wa ya gudu Kano, wa ya dawo. Da na ce ta ba ni in kai Yamai a yi masa hoto, cewa ta yi in zo da mai hoton.