Farin Marmara da Launin da Ya Ɓace

Duk wanda ya shiga zauren sassaƙe-sassaƙen Girkawa da Rumawa a gidan tarihi na Luvur da ke Paris, ko na Birtaniya da ke Landan, farin dutsen marmara ne zai fara cika masa ido. Daga nan hotunan suka shiga littattafan makaranta, har ɗalibi ya ɗauka haka masassaƙan suka bar su. Alhali kuwa da fenti aka yi su: ja, shuɗi, rawaya, wani lokaci har da ruwan zinariya. Daɗewa cikin ƙasa da ruwan sama ne suka cinye launin.

Hannun mutum ma ya taimaka. A 1764 masanin Jamus Winckelmann ya wallafa tarihin fasahar mutanen dā, inda ya ɗaukaka fari a matsayin cikar kyau, Turai kuma ta bi shi. Tsakanin 1937 da 1938 ma'aikatan gidan tarihin Birtaniya suka kankare wasu duwatsun haikalin Fartenon da kayan tagulla don su ƙara haske, suka tafi da fatar dutsen. Duk da haka shaida ba ta ƙare ba: mutum-mutumin sarki Agustus da aka tono kusa da Ruma a 1863 ya fito da burbushin fenti, kuma a 2023 masu bincike suka bayyana ragowar shuɗin Masar a jikin duwatsun Fartenon ɗin.

Baje kolin da Vinzenz Brinkmann ya shirya a Munik a 2003 ya nuna kwafe-kwafe da aka maido musu launi. Aikin ya cancanci yabo, domin ya karya tsohuwar fahimta. Amma yana da rauni: fentin ya yi kauri, ya kwanta bai-ɗaya, ya rufe laushin sassaƙar, har fuska ta koma kamar ta ƴar tsana. Burbushi yana faɗin wane launi aka shafa, ba ya faɗin gwanintar mai shafawa.

Laifin gidajen tarihi shi ne barin mai kallo da farin dutse ba tare da isasshen bayani ba. Malamin da ya nuna wa aji irin wannan hoto, wajibi ne ya faɗa musu cewa saura suke gani, ya kuma tambaye su wa ya zaɓi fari, kuma don me.