Masu Riƙon Sunan Yekini

A gidajen kallon ƙwallo na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, yau yara na musu kan Barcelona da Arsenal. Amma da zarar ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, sai ka ji wani dattijo daga bayan benci ya ce, "Da Yekini ne, da tuni ta kwana a ciki."

Waɗannan dattawa nake yi wa jinjina. Su ne suka taru kan rediyo da 'yar talabijin guda ta unguwa ranar 21 ga Yuni, 1994, lokacin da Finidi George ya miƙo ƙwallo, Rashidi Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya a birnin Dallas na Amurka. Ƙwallon farko ke nan da Nijeriya ta ci a gasar cin kofin duniya. Ya shiga cikin ragar, ya damƙe ta da hannu biyu yana ihu. Har gobe idan suna ba da labarin, hannayensu sukan ɗaga da kansu, kamar su ma suna riƙe da ita.

Suna tuna cewa a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar UNTL ya fara, kuma ya ci wa ƙasa ƙwallaye 37. Da ya rasu a Ibadan cikin Mayun 2012, sun yi masa addu'a kamar ɗan unguwa. Ni kam har yanzu ina jin daɗi idan yaro ya matso ya ce, "Baba, wai yaya yake buga ta?" Sai a gyara zama.